Kaset Mai Ruwan Ɗorawa

Ni da ko rediyo ban iya kamo tasha ba, yau ni ce na san daidai inda tsuntsu ke fitowa ya bangaje ninja cikin rami. Abin da ƙanena Isma'ila ya mayar da ni ke nan.

'Yar Baba ake ce mini, bandar kifi nake yi a Bagudo. Ni na goye Isma'ila bayan rasuwar innarmu. Ya tashi da ƙafar yawo, ya sami babur, ya shiga ɗauko wa 'yan kasuwa kaya daga Segbana ta ƙasar Benin, ta hanyar daji. Shaho abokansa ke kiransa, don ba ya zagaye kwazazzabo, tsallake shi yake yi da kaya niƙi-niƙi a baya. Na yi faɗa har bakina ya gaji. To, wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Farkon damina ruwa ya ci bakin wani kwazazzabo bayan garin Tsamiya, Shaho ya zo ya tashi sama kamar yadda ya saba, bai ishe ƙasa inda ya bar ta ba.

A asibitin Sakkwato aka yanke ƙafar dama daga gwiwa. Muna can ina jinyarsa aka yi shelar an ba mu jihar Kebbi. Masu jinya 'yan wajenmu suka yi ta guɗa a baranda, shi kuwa ya juya fuska bango.

Da muka dawo gida, bangon dai ya ci gaba da kallo. Ya shiga ɗaki bai ƙara fitowa ba. Kafinta ya sassaƙa masa sanduna masu kyau, suka zama abin rataya riga. Abokai su zo dubiya ya yi baccin ƙarya. In kai tuwo in ɗauke tuwo. Wata rana na ishe shi ya zuba wa igiyar guga ido, irin kallon da ban so ba, tun daga ranar na koma ajiye guga a maƙwabta.

Femi ne ya kawo abin. Femi mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa, Bayarabe, amma a nan aka yanke cibiyarsa, Hausa da Dandanci duk a bakinsa. Ya shigo da ƙaramar talabijin, da batirin mota, da wani ɗan akwati mai wayoyi.

"Yaya, cikin kayan da ya faɗi da su ne," in ji shi. "Mai kayan ya ce ya fashe, a zubar. Na ɗinke shi. Gem ake ce masa."

Ya hura gindin wani kaset mai ruwan ɗorawa, ya danna shi a akwatin. Sai ga wani ɗan mutum kamar ɗan yatsa, ya naɗe fuska da baƙin ƙyalle, takobi a baya, yana gudu a titi. Irin ninjan da ake gani a fim ɗin 'yan Cana. Femi ya danna, ɗan mutumin ya yi tsalle ya manne a bango kamar ƙadangare, ya sake tsalle ya dira a kan rufi.

Isma'ila ya juyo. Wallahi ya juyo! Ya miƙa hannu aka ba shi abin dannawa. Ran nan ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari, ni kuma na shiga madafa na yi kukana na share.

Sai dai maganin ya zama ciwo. Daga sallar asuba sai ƙyaf-ƙyaf-ƙyaf na takobi da wannan kiɗan mai kama da kukan sauro. Ninja na tsallake ramuka, yana jifa da ƙarafa masu kamar tauraro, yana hawan tsani, wasu masu gatari na tare shi. Ya wuce gari ya hau jirgin ruwa, ya wuce jirgi ya shiga duwatsu. Idan rayukansa suka ƙare, ko batir ya yi sanyi, shi ke nan, komai nisan da aka yi sai a koma titin farko. Abin ba ya riƙe wuri. Batirin kuma wa zai kai caji? Ni. In naɗa gammo in ɗora wannan dutse a kai har shagon Femi, ruwan batir ya huda mini zannuwa biyu.

Ana haka Kawu Malami ya aiko. Ƙanen innarmu ne, direban gwamnati, da aka raba jiha aka dawo da shi Birnin Kebbi. Ya ce ana buɗe garejin gyaran baburan ma'aikata, ana neman ƙwararru, kuma aikin zaune ne. Ya kama wa Isma'ila gurbi, zai zo da mota ya ɗauke shi, amma masu nema sun yi yawa, ba zai iya riƙewa har abada ba.

Na shiga ɗaki da murnata na gaya wa Isma'ila. Ko kallona bai yi ba.

"Kai, da kai nake! Babur dai, wanda ka sani kamar yunwar cikinka."

"Yaya, mi kike so in yi a waje? In fita a riƙa nuna ni, ga Shaho da fiffike guda?"

"Su nuna mana! Nuni na kisa? Ka zauna kana yi wa ɗan aljani bauta, shi yana da ƙafa biyu yana tsalle, kai kana ruɓewa a tabarma!"

Na san maganar ta yi zafi, amma raina ya riga ya ɓaci. Na ɗauko taɓarya na ce yau sai na farfasa tsinannen akwatin. Ya rungume shi a ƙirji. Sannan ya zaro kwalin kaset ɗin ya nuna mini hoton da ke jiki: wani gida mai jan rufi a kan dutse, rana na fitowa a bayansa, ninja tsaye a ƙofa ya sauke takobi.

"Kin ga gidan nan? Nan ya nufa. Wallahi, tallahi, ba ni taka ƙofar gidanga sai na kai shi. Ranar da ya shiga gida, ni kuma in fita."

Na ajiye taɓarya. Ni a haukana sai na ga an ba ni hanya. Tun da abu yana da ƙarshe, ai sai a kai ƙarshen. Na roƙi Femi ya samo batir na biyu. Na rage zuwa bakin kogi, kifi ya riƙa wuce ni. Na koma zama a gefensa ina yi masa gadi. "Tsuntsu! Tsuntsu na tafe, duƙa!" Wannan tsuntsu, Allah ya isa tsakanina da shi. Sai ninja ya tashi tsallaken rami mafi faɗi, yana tsakiyar iska, ɗan banzan ya fito ya doke shi, ya faɗa. Duk sanda ya faɗa sai in ga dungun ƙafar Isma'ila ya motsa a ƙarƙashin zane.

Amma yana gaba. Ya wuce duwatsu, ya wuce kogon wuta, ya fara isa wurin babban bos, wani ƙato mai ƙaho da ya cika rabin talabijin. Na fara wanke masa kaya ina ninkewa a jaka. Na sauke rigunan da ke kan sanduna na goge sandunan da man gyaɗa.

Kawu Malami ya iso wata Asabar da hantsi, zafi kamar a gasa kifi ba wuta. Na shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki, na kawo fura. Femi ma ya rufe shago ya zo.

"Kawu, ka yi mana haƙuri kaɗan, yana bakin ƙarshe."

"Ƙarshen mi?"

"Rantsuwa ce ya yi."

Kawu ya leƙa ya ga abin da ake yi, ya girgiza kai, ya ce shi dai kafin la'asar zai kama hanya.

Ran nan hannun Isma'ila kamar ba nasa ba. Tsuntsu bai taɓa shi ba ko sau ɗaya. Ya isa wurin ƙaton da rayukansa cif. Ƙato ya yi aman wuta, ninja ya manne a bango, ya diro ta bayansa ya sara, ya koma bango. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ni kuwa na cije gefen zanena ina karanto duk addu'ar da na iya. Har Kawu ya matso da tabarmarsa. Sara na ƙarshe, ƙaton ya tsaya cik, ya yi ta walƙiya, ya tarwatse.

Na saki guɗa. "Ayyururui! Ga gida nan tafe!"

Talabijin ta yi baƙi. Muka zuba ido. Sai kiɗan sauron nan ya dawo, sai ga ninja a titin farko, daidai inda Femi ya fara nuna mana shi, masu gatari na tahowa da gudu fiye da da.

"Femi, mi ya faru? Batir ne?"

Femi ya zare kwalin ya jujjuya, ya sosa ƙeya. "Yaya, ina jin kaset ɗin jabu ne. Masu kwafa sukan yanke ƙarshen. Ban sani ba, ni ban taɓa kaiwa nan ba."

Na juya wurin Isma'ila don in ba shi haƙuri. Babu mamaki a fuskarsa ko kaɗan. Har ya fara sare masu gatari.

"Ka sani," na ce.

Ya ci gaba da dannawa.

"Isma'ila, ka dubi girman Allah ka dube ni. Ka sani?"

"Duk mai ruwan ɗorawa haka yake," ya ce, idonsa a talabijin. "Zagayawa yake yi. Kwali nawa na ɗauko daga Segbana? Mai sayarwa da bakinsa ya gaya muna."

"Tun ranar da ka rantse?"

"Awo."

Kawu Malami ya gyara murya. "Ɗana, ai ka kashe ƙaton, rantsuwa ta cika. Ko ba ta cika ba, addini bai ƙuntata ba. Kaffara ce, a ciyar da miskinai goma."

"Goma?" na ce. "Ni mai kifi? Unguwa zan ciyar! Yanzun nan in ɗora tukunya!"

"Cewa na yi sai ya shiga gida," in ji Isma'ila. "Kun ga gida?"

Na zage shi. Na kira shi matsoraci, na kira shi macuci, na tuna masa bayana da ya yi wa fitsari. Daga nan na durƙusa na kama ƙafarsa guda ina roƙo, ni da na girme shi. Kawu ya yi nasiha har muryarsa ta dishe. Femi ya ce zai nemo kaset na gaske ko daga Kwatano ne, Isma'ila ya ce da wannan ya rantse. Bai ɗaga murya ba, bai kuma daina dannawa ba.

Da aka kira la'asar Kawu ya tashi ya kaɗe rigarsa. Ya ce akwai wani yaro ɗan garin Zagga da uwarsa ke ta yi masa sintiri, shi zai ba gurbin. Na raka shi bakin mota da ƙullin kifi. Jakar da na haɗa tana nan a bayan ƙofa.

Femi ya tsayar da ni a zaure, ya yi ƙasa da murya. "Yaya, in kin ce in kwashe kayana, yanzu sai in kwashe. Ni na kawo."

Na so in ce kwashe. Bakina har ya buɗe. Sai na tuna bangon nan, na tuna tuwon da nake ɗaukewa, na tuna igiyar guga. Na ce ya je, na gode.

Na koma na zauna a tsakar gida. Baƙin ciki ya cika ni har ban iya kuka ba. Daga ɗaki kiɗan na ta yi, sai na ji ya fara ja, yana shaƙewa. Na san wannan sautin.

"Yaya," ya kira, da muryar da yake kirana tun yana yaro. "Batir ya yi sanyi."

Na ɗauko gammona.