Gardamar Rumfar Mai Abinci

Malam Ɗahiru ya karɓe lemon da ke hannun Markus, ya ɗaga shi sama, ya tsiyaya masa ruwan buta. Ruwan ya gangara ta yatsunsa ya zube ƙasa. Sannan ya jawo farantin da ya gama cin shinkafa da wake, ya juye sauran ruwan a ciki. Ruwa ya zauna daram.

"To, ga duniyarka, ga tawa," in ji shi. "Wacce ce za ta riƙe teku?"

Ma'aikatan kamfanin robobi da suka cika rumfar mai abincin nan ta Sharada suka kwashe da dariya. Kwana uku ke nan duk hutun azahar ana wannan gardama. Malam Ɗahiru, wanda ya shekara ashirin a kan injin buga bokitai, ya ce duniya a shimfiɗe take. Markus, direban motar kamfanin, ya ce a dunƙule take, amma hujjarsa ba ta wuce abin da malamarsu ta firamare ta faɗa musu a Kafanchan ba.

Kamilu, mai gyaran wutar kamfanin, yana can ƙarshen benci ya duƙufa kan abincinsa. Ranar Asabar ɗin nan iyayensa za su je Dorayi nema masa auren Badi'a, 'yar Malam Ɗahiru. Markus ya san da haka sarai.

"Ga mai difloma nan," in ji Markus yana murmushin mugunta. "A tambaye shi."

"Baba, ni karatuna na lantarki ne," in ji Kamilu yana duban Malam Ɗahiru.

"Ban tambaye ka karatunka ba. A shimfiɗe take ko a dunƙule?"

Har mai abinci ta dakata da ludayi a hannu. Kamilu ya haɗiye lomarsa.

"Ku gafarce ni, Baba, a dunƙule take. Injiniyan nan ɗan China da ya zo haɗa sabon inji, ina kusa da shi ya kira matarsa ta bidiyo. Mu nan rana tsaka, su can har an kunna fitilu. Ruwa kuwa, ƙasa ce ke jawo shi, kamar yadda maganaɗisu ke riƙe ƙusa."

"Maganaɗisu," in ji Malam Ɗahiru a hankali. "A ruwa."

Sai jiniya ta kaɗa. Dattijon ya ɗauki butarsa ya wuce, ko kallon Kamilu bai yi ba.

Yinin nan Kamilu bai san abin da ya gyara ba. Sau biyu yana hawa tsani ba sukudireba a hannu. Markus ya leƙo ba shi haƙuri, amma dariya ta hana shi ƙarasa maganar.

Da aka tashi, Kamilu ya tarar da Malam Ɗahiru a bakin get yana jiran adaidaita. Ya durƙusa.

"Tashi," in ji dattijon. "Asabar tana nan, a zo bayan la'asar. Na ga ba ka iya munafunci ba. Karatun naka ne dai da gyara. Amma na yi wa Badi'a waya na gaya mata komai, ta ce in bar ta da kai, za ta fahimtar da kai sannu a hankali. Yarinyar nan ba ta taɓa musa mini wannan magana ba."

Ya shiga adaidaita suka ja. Kamilu na tsaye a nan saƙon Badi'a ya shigo wayarsa.

"Wa ya aike ka? Shekara shida ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, kullum sai na zana wa ɗalibai duniya a dunƙule, Baba bai taɓa ji daga bakina ba. Kai tun ba ka shigo gidan ba ka fara. Asabar in ya sake tambaya, ka ce kana kan nazari."