Kukar Barira da Ƙirgin Baba

Shekarun da ake ɗaga garun Birni, akwai wata Barira a Gaffati, wadda ko sannu ka yi mata sai ta juya ta ta ga abin da ke ƙarƙashi.

Gonarta da ta ƙanenta Suma'ila a jere suke bakin hanya. Iyakarsu layin gamba ne, ya tashi daga wani turke a gefen hanyar, ya shiga ciki a karkace. Can tsakiya kuma ga kuka a ɓangarenta, wadda da ita take miya.

To, damina uku ke nan tana ganin gambar nan na matsowa kusa da kukar. Ciyawa dai ba ta da ƙafa. Suma'ila kuwa ya cika sammako, ya cika murmushi.

Ta kai ƙara gun mai garinsu, Bulama Gana. Aka taru a turken da hantsi, har da masu cewa wucewa kawai suke yi.

Ashe kafin ubansu ya rasu ya sami ƙirgi mai miƙaƙƙen baki, ya shimfiɗa bakin a kan hanya, ya yanka shi daga turken bisa karkatar iyakar, kowa ya ba shi nasa. Suma'ila ya zo da nasa a naɗe. Na Barira ɓeraye sun gama da shi tuni.

"Shi ke nan, ba shaida," in ji ta. "Su wa suka turo ɓerayen, oho."

"Yaya, har ɓera ma ni ne?"

Bulama ya sa aka ja igiya a miƙe bisa hanya. Ya ɗora ƙirgin Suma'ila a kanta, tsininsa a turken.

"Barira, naki da nasa in sun haɗu igiyar nan suke cikawa. Abin da nasa bai rufe ba, shi ne naki."

"In ya taɓa nasa da wuƙa fa?"

"Wuƙa ragewa take yi. In ya yanke, ke ya ƙara wa."



Aka ɗaura wata igiyar a turken, aka bi bakin yankan da ita har cikin gero. Ta tafi, ta tafi, ta wuce kukar, ta bar ta a ɓangaren Suma'ila da taku huɗu. Gamba ta yi tafiya kam, amma tun da daɗewa, kuma cikin gonar Suma'ila ta shiga. Shi komar da ita yake yi kaɗan-kaɗan, don kada a ji kansu.

Garba mijin Barira, wanda shi ke yi mata noma, ya duƙa yana neman ƙaya a ƙafarsa.

"Yaya, ci gaba da ɗibar kukarki," in ji Suma'ila. "Aiko mini da miya kawai."

Barira ta dube shi, ta dubi Garba, ta dubi igiyar.

"Bulama," ta ce, "wai igiyar nan, wa ya tufka ta?"