Inda Auta Zai Ajiye Idonsa

Tun da Auta ya sauka a wannan baƙuwar ƙasa, babu abin da ya ba shi wahala kamar idonsa. Sanyin ya daure masa. Abincin ma ya koyi turawa ba tare da ya tambayi sunansa ba. Amma ido ya ƙi.

Kawunsa, ƙanin Inna, direba ne a wani otal, shi ya samo masa aiki a ɗakin wanki, can ƙasan bene inda babu taga. Zannuwan gado ne daga safe har yamma: a ciro daga inji, a tura a na'urar guga, a ninke. Gwaji aka ɗauke shi, in an ga hankalinsa a bar shi.

Ran nan wani zane ya maƙale a na'urar ya ƙone. Auta yana can wajen kwandunan tawul lokacin. Manaja ta sauko, mace mai furfura, sa'ar Inna. Ta bi ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tsare ta da ido ya ce ba shi ba ne. Da ta zo kan Auta sai ya haɗa hannu a baya, ya sunkuyar da kai, ya ba takalmanta amsa.

Ta ce gobe ya same ta a ofis.

"Cewa ta yi ba ka da gaskiya," in ji Kawu da suka zauna cin abinci.

"Ni? Kawu, ni kaɗai na girmama matar nan! Sauran kamar su cinye ta ɗanya."

"A nan wanda ya sunkuya shi ya yi. Ajiye cokalin. Kalle ni."

Auta ya ɗago, ya kai gemun Kawu, ya gangaro kan faranti.

"Gemuna ne zai sallame ka? Sama!"

"Wallahi ba zan iya ba. Kai fa ƙanin Inna ne."

"To ƙanin Inna ba zai ciyar da ƙato yana kwance ba. Sama, na ce. In ƙwayar idon ta yi maka nauyi, kalli tsakanin gira."

Haka suka yi ta yi har abincin ya huce, idon Auta na ruwa, ransa na tafasa. Tun yana yaro ake ranƙwashinsa kan ya daina kallon manya. Yanzu da ya iya, an ce laifi ne.

Washegari ya shiga ofis wuyansa a sandare. Ya kafa wa tsakanin girar Manaja ido, ko ƙiftawa babu. Da ɗan yaren da ya tsinta ya ce ba shi ba ne, yana wajen tawul. Ta dube shi, ta tambaya ko ba shi da lafiya ne. Sannan ta miƙo masa ruwa, ta ce ya koma bakin aikinsa.

Ya sauka bene yana tsaki. Maganar jiya ce fa, ko kalma bai ƙara ba.

Da suka dawo gida ya kira Baba ta bidiyo don ya gaya masa aiki ya zauna. Bai gama gaisuwa ba tsohon ya matso da fuskarsa.

"Kai Auta, ni kake tsarewa da ido haka? Har an fara?"

Nan take kansa ya yi ƙasa.

"Sama!" in ji Kawu daga bakin ƙofa, yana ƙunshe dariya.

Auta ya miƙe, ya danƙa wa Kawu wayar.

"Ga shi nan, ku daidaita tsakaninku. In kun gama ku gaya min inda zan ajiye idon."

Ya ja rigar sanyinsa ya fita.