Ranar Da Aka Share Lambun Yaya

Hayaƙi na fara gani kafin na ji ihun Yaya. Na ruga bayan gida da takalmi wari guda, ni da ciwon gwiwa ya hana ni ruku'u.

Lambun ne. Shekara tara yayana yana lulluɓe ƙasarsa da busasshen ganye da kara da kashin awaki. A nan yake koya wa mutane noma duk Asabar: tela, wani tsohon direba, matan layinmu, har da mai gyaran takalmi. Ga shi ma'aikata uku sun share shi tas kamar ɗakin amarya, sun tara ganyen sun cinna masa wuta.

Mai ba da umarnin kuwa ɗan cikinsa ne, wanda tun da wata ƙungiya ta ɗauke shi aiki ya hana a kira shi komai sai Kodineta.

"Baba, gobe manyan baƙi za su zo ganin gonar koyi. A hoto, wannan bola ce."

"Bolar ce ta ciyar da kai har ka ajiye tumbi," in ji Yaya. "Ƙasa ba ta son tsiraici. Ka yaye mata zane, rana ta cinye ta."

Na ce, "Kodineta, ni ma a share ni mana. Na ga ban dace da hoto ba."

"Gwaggo, don Allah ki shiga gida."

* * *

Washegari aka kafa rumfa a kan kunyoyi. Aka jera tumatirin kasuwa a kwando, wai amfanin lambu. Na san mai tumatirin, da bakinta ta tsegunta mini. Aka ɗora wa Yaya sabuwar malafa, aka miƙa masa takarda ya karanta yabon takin buhu da ƙungiyar ta kawo.

Ya dubi takardar. Ya dubi ɗalibansa da aka tura can baya saboda kayansu duk ƙasa. Sai ya ninke ta, ya durƙusa.

"Tela, matso. Shekaranjiya da ka tona nan, me ka gani?"

"Tana, Malam. Da danshi."

"Tona yanzu."

Tela ya caka yatsa. "Ƙura ce."

"To, darasin yau ke nan. Ku ɗauko kwanduna."

Kafin baƙi su gane dawar garin, ɗalibai sun bi maƙwabta sun kwaso ganye da taki, suna zubawa har ƙarƙashin kujeru. Wata babbar baƙuwa ta ɗage ƙafafu tana toshe hanci. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, kwandona ya suɓuce daidai kan takalmin Kodineta.

"Baba, ka kashe mini aiki," ya ce ƙasa-ƙasa, idonsa ya kaɗa.

"Aiki ana samun wani. Wannan shekara tara ce."

* * *

Ba a kori Kodineta ba. Ashe mai hoton ƙungiyar ya ɗauki abin da yake so tun da sassafe. Cikin mako rahoto ya fito: fili fes, kwandon tumatir, uba da ɗa suna murmushi. An ce ma ƙarin girma aka yi masa. Rabonsa da gidan nan tun ranar, rahoton ma aiko shi ya yi.

Yaya ya daɗe yana kallon hoton. Sai ya jiƙa takardar, ya shimfiɗa ta a gindin barkono, ya rufe da ganye.

"Ita ma za ta ruɓe," ya ce.

Ya koma tonon ƙasa da yatsa, yana neman tana ko guda ɗaya.