Maigadin Ɗaki Goma Sha Ɗaya

Shekara huɗu ke nan Zacharias yana gadin wani gida a Maitama, gida mai ɗaki goma sha ɗaya da ba mai kwana a ciki sai tsaka. Maigidan yana ƙasar waje, sau ɗaya yake leƙowa a shekara. Amma fa kar ka ce ba ya nan. Ya kafa kyamara a saman get, duk motsin Zacharias a wayarsa yake kallo. Ko ban ɗaki ya shiga ya ɗan jima, sai ka ji waya ta ɗau ƙara.

Nasa gidan kuwa ɗaki ɗaya ne a Karmo, na bulon ƙasa, inda matarsa Serah take zaune da 'ya'yansu uku, ga tsohon ciki. Mako biyu da suka wuce aka shafa wa bangon jan fenti. Mutanen Karmo sun san rusau ne ke biyo bayan jan fenti, sun kuma san dabararsa: kafin katafila ta iso, kowa ya hau ya kwance kwanon rufinsa, ya cire ƙofa da taga. Bango dai ya tafi, amma mai kwano yana iya sake kafa ɗaki a wani lungu. Wanda aka murƙushe wa kwano, shi ne aka gama da shi.

Ranar Talata da hantsi Serah ta kira shi a waya.

"Baban Clara, sun zo fa! Suna layin coci yanzu. Ka zo ka cire kwanon nan, ni ba zan iya hawa ba."

"Maƙwabta fa?"

"Kowa yana kan nashi rufin."

Ya buga wa maigidan, har yana rusunawa kamar yana gabansa. "Oga, abeg, don Allah, awa uku kawai. Za su rushe mini ɗaki."

"To wa zai tsaya a get? Ka san mutum nawa ke neman aikin nan? In ka fita, kar ka dawo."

Gaba kura, baya sayaki. In ya tafi, abincin yara ya tafi. In ya zauna, kwano ya tafi. Ya kai hannu kan sakata sau biyu yana janyewa. Daga ƙarshe ya zauna, baƙin ciki kamar ya kashe shi. Da lokacin ban ruwa ya yi ma, ya ja tiyo ya shayar da ciyawa, don ita ma kyamara tana ganinta.

Da la'asar wata akori-kura ta sauke Serah da yaran a ƙofar gidan. Katifa ɗaya, tukwane, buhun kaya. Kwano ko falle ɗaya babu.

Serah ta leƙa ta tsakanin ƙarafan get, idonta ya sauka kan ɗakin direba da ke kulle tun bara.

"Buɗe mana, Baban Clara. Ko can ne, yaran nan su sa haƙarƙarinsu."

Hannunsa yana kan sakata wayar ta yi ƙara a aljihunsa.

"Su wane ne waɗannan a ƙofar gidana? Sallame su yanzu."

"To, Oga."

Ya kasa kallon matarsa. Ƙasa ya duba, kunya ta rufe shi, sannan ya nuna wata bishiya can ƙarshen katanga.

"Maman Clara, ku matsa ƙarƙashin bishiyar can. Kyamara ba ta kaiwa wurin."

Serah ta sunkuya. Ta ɗora katifar a ka, yaran suka bi ta da tukwane.