Ruwa a Injin Motar Marigayi

Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidanta, kuma Malama ba ta taɓa ɗaga murfin injin motar da ya bari ba. Tuƙi dai ta iya, shi ya koya mata bayan ta yi ritaya daga koyarwa. Amma zancen mai da taya da duk wata baƙuwar ƙara da mota za ta yi, wannan nasa ne.

Duk Asabar takan je can ɗaya gefen gari ta duba yayarta, wadda ciwon mantuwa ya kama. Ranar nan Yaya ta ƙare mata kallo ta ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Malama ta ce ita take nema. Ta ɓare mata lemo, ta yanke mata farce, ta yi sallama da mai jinya bayan la'asar. Ba ta yi nisa ba ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya.

A ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa ruwa ya taru ya shafe titi. Ƙananan motoci suna ta juyawa. Akwai wata hanyar da ake zagayawa, amma ba ta san ta sosai ba, don duk lokacin da suka bi ta, shi ke tuƙi ita tana hira. Ta ga wata babbar mota ta ratsa lafiya, sai ta yi bismillah ta bi bayanta.

Ta kai tsakiya ke nan wata bas ta taho daga gaba, ta turo ruwa har kan gilashi. Motar ta yi tari, ta mutu. Malama ta ji sanyi a tafin ƙafarta, ta duba ta ga ruwa yana shigowa ta ƙasan ƙofa. Ta murɗa makulli, shiru. Ta sake. A na uku injin ya tashi yana karkarwa, ta taka totur ta fita da ƙyar. A nan ta lura da wata fitila ruwan ɗorawa a bayan sitiyari, wadda ba ta taɓa ganin ta kama ba.

Da ta isa gida ta ɗauki hoton fitilar ta tura wa babban ɗanta da ke aiki a wata ƙasa. Sai bayan magariba ya amsa: "Umma, kar ki damu, irin wannan takan kama haka kawai. Zan kira ki in na fito taro." Bai kira ba. Ta duba lambar autarta, ta tuna jego take yi, ta ajiye wayar.

Washegari da safe ta buɗe get, ta tayar da motar don ta je kasuwa. Wata jar fitila ta zo ta tsaya kusa da ta jiya. Inji ya fara ƙara kamar ana buga guduma a cikin tukunya, sannan ya yi wani irin gum, ya tsaya. Rabin motar na waje, rabi na ciki, get ya ƙi rufuwa. Ta sa hannu biyu ta tura, ko motsi. Haka ta tsaya a bakin get wajen minti arba'in, har Allah ya kawo wasu magina biyu suka tura mata ita ciki.

Lambar bakanike tana cikin wayar marigayi, wayar kuma tana cikin durowa tun ranar da aka dawo da ita daga asibiti. Ta sa ta a caji, ta zauna a gefen gado tana jira. Da ta kunna sai ga hotonta a fuskar wayar, tana barci a kujerar gaban mota, ɗankwali ya zame. Ba ta san ya ɗauka ba. Ta daɗe kafin ta iya laluben sunaye, ta sami "Dogo Gareji".

Ta kira lambar da wayar marigayin, aka ɗauka. Can wata murya ta ce a hankali, "Wa... wa ke magana?"

"Matarsa ce. Ka yi haƙuri, ban yi tunanin sunansa zai fito maka ba."

"Wallahi Malama, sai da sifana ta faɗi daga hannuna."

Dogo ya zo da azahar, dattijo ne mai furfura a gemu. Ya sake yi mata ta'aziyya, ya ɗaga murfin inji. Ya ciro matatar iska, ya matse ta, ruwa ya tsiyaye. Ya zaro ƙarfen auna baƙin mai ya nuna mata.

"Kin gani? Man nan ya koma shayi da madara, saura burodi kawai. Ina kika shiga da ita?"

Ta gaya masa.

"Haba Malama, mota ce fa, ba kwalekwale ba. Da ta mutu a ruwan, kin sake tayar da ita?"

"Sau uku."

Ya dafe kai. "Nan aka yi ɓarnar. Ta sha ruwa, shi kuma ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Da kika murɗa makulli, sandar fistin ta lanƙwashe. Yau da safe ta ƙarasa karyewa, ta fasa jikin injin. Da kin bar ta kin kira wani."

"Wa zan kira?" in ji ta. Ba da faɗa ta faɗa ba. Dogo ya sunkuyar da kai yana goge hannu da tsumma.

Ya ce wannan injin ya gama yawo, sai dai a nemo wani a ɗora. Motar janwe ta zo ta tafi da ita. Mako uku wurin ajiye motar ya zauna fayau, sai baƙin tabo a siminti. Malama ta riƙa shiga tasi zuwa wajen Yaya. Ɗanta ya kira a mako na biyu, ya ce a sayar da tsohuwar motar nan a huta. Ta ce to, za ta duba, ta tambaye shi yara.

Ranar da Dogo ya dawo da motar, ya tayar da ita a tsakar gida yana murmushi. Babu fitila ko ɗaya. Malama ta saurara, ta saurara.

"Ba muryarta ba ce," in ji ta. "Da can daga kicin nake gane maigida ya shigo layi."

"Gaskiya ne, kowane inji da irin kukansa. Za ki saba da wannan." Ya juyo ya dube ta. "Kin san in ya kawo ta gareji, zancenki ne hirarsa? Wai kin fi shi iya fakin, amma kar in kuskura in gaya miki."

Ta yi dariya, ta juya ta goge ido da bakin mayafi. Sannan ta ɗauko biro da takarda ta ce ya koya mata. Ya bi fitilun ɗaya bayan ɗaya: mai ruwan ɗorawa a kai gareji, ja kuwa a tsaya nan take a kashe mota. In ruwa ya wuce rabin taya, a juya. In ta mutu a ciki, kar a taɓa makulli. Ta rubuta duka, har da lambobi a gefe kamar mai shirya darasi. Ya sa mata lambarsa a tata wayar, ya sha ruwa, ya tafi.

Cikin motar har yanzu yana warin danshi. Ta ciro shimfiɗun ƙasa guda huɗu ta shanya su a kan katanga, ta bar ƙofofin a buɗe su sha iska. Ta shiga kicin ta ɗora ƙaramar tukunya, ta ci abincinta a tsaye.