Yatsa Mai Yawu

Pandit Gokulnath Tiwari, malamin addinin Hindu a Banaras, ya haura tamanin, idonsa na dama ya mutu. 'Ya'yansa biyu suna sayar da tayar mota a Kanpur, ko harafi ɗaya na Sanskrit, harshen littattafan addininsu, ba su sani ba. Abin da ya rage masa littafi ne da kakansa ya kwafa da hannu, baiti ɗari uku a kan cewa rai ɗaya ne, ba shi da na biyu. Yana neman wanda zai damƙa wa kafin a kai gawarsa wurin ƙonawa.

Wata safiya Farfesa Harendra Dubey ya zo Banaras daga Delhi neman littafin. Ya riƙo sharhin da ya rubuta da Turanci, shafi ɗari shida, da hotonsa a bango.

"Baiti ɗari uku ka mayar wannan tubali?" in ji tsohon. "Wa ya karantar da kai?"

"Littattafai, Panditji."

"Ashe maraya ne kai."

Duk da haka ya kwance jan ƙyallen da ke naɗe da littafin kakansa, domin babu wani mai nema. Farfesa ya karanta baitin farko ba kuskure. Zuciyar tsohon ta fara saukowa. Sai takardu biyu suka manne, Farfesa ya lashi yatsa, ya buɗa.

"Ajiye."

"Me ya faru, Panditji?"

"Yawunka ka shafa masa, kamar mai cin kwaɗo."

Farfesa ya yi dariya. "Ai littafin da kansa ya ce babu tsarki babu ƙazanta, duka ɗaya ne. Na yi babi guda a kai."

Tsohon ya tura masa ganyen da ya ci shinkafa a kai, da sauran wake a gefe.

"To, cinye wannan."

Farfesa ya dubi ganyen, ya gyara tabarau. Bai taɓa ba.

"Babi guda," in ji tsohon. "Ƙofa tana bayanka, ɗana."

Da rana ta take tsohon ya naɗe littafin, ya dogara sanda ya sauka matakala zuwa kogin Ganga. Ya shiga har ƙugu, ya ɗora ƙunshin a goshi, ya sake shi a ruwa. Baitocin suna kansa tun yana ɗan shekara tara. Ya hau matakalan yana karanta su, ba mai saurare sai awakin da ke cin furannin hadaya.